Soso ba mai: yadda ƙura ta cinye injin wani ɗan acaɓa a hanyar Maigatari

## Mutumin, babur ɗinsa da hanyarsa

Mutumin da wannan bayani ya shafa manomi ne daga wani ƙauye da ke tsakanin Gumel da Maigatari a Jihar Jigawa. Shekarunsa talatin da 'yan kai, matarsa ɗaya, 'ya'ya huɗu. Da damina yana gona, da rani yana acaɓa. A ƙarshen 2022, da ya sayar da riɗinsa da zoɓo, ya haɗa da ɗan abin da yayansa ya ranta masa, ya sayi sabon babur Bajaj Boxer, ƙaramin, mai injin 100cc. Ni ina da shagon kayan babur a Gumel, wurina yake sayen baƙin mai da fulogi da sauran tarkace, sau da yawa bashi. Kwanakin da zan kawo a nan daga littafin bashin na ɗauko su. Sauran bayanin kuwa daga bakinsa ne da bakin bakaniken da ya buɗe injin.

Hanyarsa rabi kwalta ce, rabi turba mai yashi da burji. Babbar ranarsa Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, inda garken shanu da manyan motocin da ke lodin dabbobi zuwa kudu ke tayar da ƙura tun hantsi har magariba. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma ga hazon hunturu, wanda iskar arewa maso gabas ke kwasowa, galibi daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Ƙurar hazo ta fi gari laushi, ba ta buƙatar babbar ƙofa.

Injin fetur iska ya fi sha, ba mai ba. Kafin ya ƙone lita ɗaya ta fetur sai ya zuƙi iskar da ta kai kusan lita 9,000, duk kuwa abin da ke cikin wannan iska yana neman hanyar shiga. Abin da ke tare shi a irin wannan babur wani ɗan soso ne da ke cikin akwatin roba a bayan murfin gefe. Kanikawa na ce masa iyakilina, 'yan acaɓa su ce soso kawai. Daga kamfani da ɗan mai a jikinsa yake zuwa.

Shekarar farko mutumin bai yi wasa da babur ɗin ba. Yana juye baƙin mai a kan kari, yana ɗaure sarƙa, yana wanke shi fes duk Juma'a. Akwatin soson ne dai ba wanda ya taɓa buɗewa, har mita ta haura kilomita 18,000.

## Nuwamba zuwa Disamba 2023: babur ya fara shan mai

A aljihu ya fara jin ciwon. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta haura naira 600, ga kuma iyakar Nijar a rufe tun watan Agusta, kasuwa ta yi sanyi. Mutum a wannan hali kowane ɗigon mai a lissafe yake. A da lita ɗaya na kai shi kilomita 50 ko kusa da haka, da fasinja da kaya. Zuwa tsakiyar Nuwamba ta koma 40, ƙarshen Disamba 35.

Sauran alamun suka biyo baya. Idan ya ja totur da ƙarfi sai babur ya yi kamar an shaƙe masa wuya kafin ya amsa. Salansa na fitar da baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen fetur. Yashin da yake ratsawa a giya ta uku ya koma sai ta biyu. Akwai kuma wani abu da ya ɗauka alamar lafiya ce: cikin sanyin asubar Disamba, bugu ɗaya babur ke tashi ba tare da an ja cok ba, wato abin da ke rage iskar da ke shiga inji don ya tashi cikin sanyi.

Abin da aka fara zargi fulogi ne. Ranar 21 ga Nuwamba ya sayi sabo. Tsohon da aka cire baƙi ƙirin, busasshe, kamar gindin tukunya. Kwana huɗu babur ya ɗan warware, sannan ya koma gidan jiya. Ranar 9 ga Disamba ya sake sayen wani. Ni na sayar masa da duka biyun, ban kuma tambaye shi komai ba. Mai shago ba ya korar ciniki.

Daga nan zargi ya koma kan 'yan bumburutu, wai suna gauraya man. Ya yi mako biyu ba ya shan mai sai a gidan mai, ko da zai bi layi. Ba abin da ya canja.

Ranar 18 ga Disamba aka sauke kafireta, wadda ke gauraya fetur da iska, a wani gareji na bakin tasha, aka wanke ta, aka juya mata sukuru. Babur ya daina mutuwa idan an saki totur, amma a kan hanya yana nan yadda yake. Wanda zai cire kafireta dole ya kwance robar da ta haɗa ta da akwatin soso. An kwance, an mayar, murfin akwatin yana rufe.

## 11 ga Janairu 2024: an gano soson, an wanke shi

Ranar Alhamis ce. Ya ɗauko wani dattijo da akuyarsa, saura kaɗan su shiga gari babur ya mutu, ya ƙi tashi. Ya tura shi zuwa garejin da ya fi kusa. Maigidan wurin ba ya nan, sai yaronsa, ɗan shekara goma sha biyar ko sha shida. Yaron ya duba wuta, ya duba mai, sannan ya kwance murfin gefe ya buɗe akwatin.

Abin da ya zaro bai yi kama da soso ba. Ya yi tauri, ya yi ja, kamar an yanko ɓallin tubali. Da ya buga shi a ƙasa sai ɓarɓashin laka ya zube. Ya buga kik ba soso a ciki, babur ya tashi da ƙara irin wadda mai shi ya manta da ita. An gano ciwon.

Yaron ya zuba fetur a gindin yankakkiyar jarka, ya tsoma soson, ya cuɗa, ya zubar, har sau uku, sai da man ya daina yin ja. Ya murɗe shi kamar mai matse wanki, ya kakkaɓe, ya shanya a kan sirdi minti goma, ya mayar da shi a bushe.

Mai babur ya ce, “Ba a shafa masa komai?”

Yaron ya ce, “Ai mai shi ke toshe shi, Yaya. Haka ya fi shan iska.”

Abin da ya biyo baya kamar ya gaskata yaron. Baƙin hayaƙi ya ɗauke, ƙarfi ya dawo, lita ta koma kai shi kilomita 52, har ta ɗara yadda take babur yana sabo. Daga ranar ya ɗauki wannan a matsayin ƙa'ida. Duk Juma'a sai ya cire soson ya wanke da fetur, ya murɗe, ya mayar a bushe. Ya yi haka sau goma ko fiye kafin ƙarshen Maris, ya kuma koya wa abokan tsayuwarsa a tasha.

## Fabrairu zuwa Afrilu 2024: baƙin mai ya fara ɓacewa

Mako shida ba wani ƙorafi. Abu na gaba a littafina ya fara fitowa kafin ma shi ya lura. A da yakan sayi baƙin mai sau ɗaya, ya kai shi har ranar juyewa. Daga 26 ga Fabrairu ya fara zuwa neman na ciko. Cikin azumi, wanda aka fara ranar 11 ga Maris, sai da ta kai yana ƙara kusan kwatan lita duk kwana huɗu ko biyar, ba kuma inda yake yoyo.

Hayaƙi ya dawo, amma wani iri: fari-fari mai ratsin shuɗi, da ƙaurin ƙonannen mai. Tashin safe ya zama aiki. Bugu goma, goma sha biyar, wani lokaci sai yara sun tura. Kik ɗin ya yi laushi a ƙafa, ba ya turjiya kamar da.

An gwada abu biyu. Na farko, mai mai kauri. Hayaƙin ya ɗan ragu, shan man bai tsaya ba. Na biyu, ranar 20 ga Maris wani bakanike ya buɗe murfin bawul ya tarar da na shigar iska ya matse, babu 'yar tazarar da ya kamata a samu. Ya saita shi. Babur ya koma tashi da bugu biyu, mai shi ya yi hidimar Sallah lafiya. Kafin ƙarshen Afrilu bawul ɗin ya sake matsewa, lita kuma ta gangaro ƙasa da kilomita 40.

## 6 zuwa 10 ga Mayu 2024: an buɗe injin

Wannan karon ya kawo shi wurin dattijon bakaniken da ke maƙwabtaka da shagona, wanda ya fara aiki tun ana yayin Vespa da Honda Benly. Ina tsaye aka yi komai.

Bai fara da sifana ba. Ya sassauta zoben da ya ɗaure robar da ke tsakanin akwatin soso da kafireta, ya zura ɗan yatsa ciki ya shafo. Wannan wurin bayan soso yake, iskar da ta riga ta tatu ce kaɗai ya kamata ta bi ta nan. Yatsan ya fito da ƙura ja-ja mai laushi kamar hoda. Ya murza ta da babban yatsa kusa da kunnen mai babur, ana jin ƙaras-ƙaras.

Ya ce, “Ƙanena, injinka ƙasa yake ci.”

Sannan ya zaro soson. Tas yake, ba datti. Ya ɗaga shi saitin rana, haske ya ɓullo ta wurare biyu da ya tsage a inda ake murɗawa. Gefe ɗaya ya ƙanƙance, ba ya cika mazauninsa, ya bar kafar da farce zai shiga. Da ya tsunkule shi sai ɓarɓashi ya biyo yatsa.

Cikin injin ya faɗi sauran labarin. Bangon bulok, wato gidan da fistin ke hawa da sauka a ciki, ya yi zane-zane daga sama zuwa ƙasa, wasu har farce na maƙalewa. Ya cire ringi ɗaya, wato zoben da ke jikin fistin, ya sa shi cikin bulok don a ga bakinsa. A lafiyayyen inji tazarar bakin ringi ba ta wuce kaurin reza biyu ko uku. Wannan kuwa saura kaɗan tsinken ashana ya shige. Bawul ɗin shigar iska gefensa ya siɗe ya yi kaifi.

Bayanin da ya yi mana gajere ne. A cikin ƙurar akwai ƙwayoyin yashi da suka fi ƙarfen bulok tauri. Idan suka haɗu da baƙin mai sai su zama kamar man da kanikawa ke saye su goge bawul da shi, sai dai wannan yana goga ne sau dubbai a minti ɗaya, daga safe har dare. Ringi ya cinye, mai ya riƙa hawa sama yana ƙonewa, shi ne hayaƙin. Bawul kuma yana cinyewa yana nutsewa cikin mazauninsa, tazarar ta rufe, ya daina toshewa sosai, matsin injin ya riƙa zurarewa, shi ne wahalar tashi. Saita bawul da aka yi a Maris daidai ne, amma ba a tambayi me ya matse shi ba.

Ƙasan injin ya tsira. A ganin dattijon, yawan juye mai da cikon da mutumin ke yi ne ya taimaka. Aka aika bulok Kano aka faɗaɗa shi da milimita 0.50, aka sa sabon fistin da ringi daidai da sabon faɗin, da sabon bawul, da gasket, da sabon mai, da sabon soso. Babur ya yi kwana biyar a kwance, har da Alhamis guda. Mutumin ya sayar da awaki biyu. A farashin shagona na lokacin, kuɗin gyaran ya isa sayen soso fiye da talatin.

## Yadda aka shirya sabon soson

Nan dattijon ya fi ɓata lokaci, ya kuma sa mai babur ya tsuguna ya kalla. Ya fara goge cikin akwatin da tsumma mai ɗan danshin kalanzir, ya wanke robar nan har yatsa ya daina ɗauko komai. Ya sa soson cikin farar leda, ya zuba sabon baƙin mai kamar cokali biyu zuwa uku, ya ƙulle bakin, ya riƙa murza shi ta waje kamar mai cuɗa ƙullu, har launin ya zama ɗaya ko'ina, babu wani farin tabo. Ya fito da shi ya dunƙule a tafin hannu ya matse. Matsewa, ba murɗawa ba. Wannan ya maimaita ta sau uku. Ya naɗe shi a tsumma mai tsabta ya sake dannawa. Ma'auninsa shi ne soson ya bar maiƙo a yatsa amma kada ya ɗiga ko an matse shi.

Sai ya lakaci giris ya zagaya bakin mazaunin da shi siriri, don ko da akwai 'yar kafa ƙura ta maƙale a nan. Ya zaunar da soson, ya bi gefensa da yatsa ya tabbatar ba inda ya naɗe, ya rufe murfi, ya ɗaure sukurori duka (ɗaya ya ɓace tun tuni, sai da aka nemo wani), ya ƙara ɗaure zoben robar.

Game da wanki ya ce a bar fetur. Yana busar da soso ya sa shi ruɓewa, yana cin gam ɗin da aka haɗa shi da shi, ga haɗarin gobara. A fara da kalanzir ya narkar da tsohon mai, a bi da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye har kumfa ta ƙare, a matse a hannu, a shanya a inuwa sai ya bushe sarai kafin a sa mai. Jiƙaƙƙen soso ba ya karɓar mai.

## Yuni 2024: mai ya yi yawa

Wata guda bayan gyaran ya dawo ransa a ɓace. Babur ya koma shaƙewa, fulogi ya yi baƙi, fetur na tafiya. Yana sauka ya ce, “Maigida, ashe yaron nan gaskiya ya faɗa.”

Aka buɗe akwatin, mai ya taru a ƙasansa. Ashe da ya zo yin nasa wankin, tsoma soson ya yi gaba ɗaya cikin gwangwani, ya mayar ba tare da ya matse ba, man kuma tsohon da ya juye daga inji ne, wai kada ya yi asara. Tsohon mai cike yake da baƙin toka da gogaggen ƙarfe, su ne abin da ake gudu. Aka ba shi wani soso daga shago, aka wanke wancan aka shanya, aka goge fulogi. Minti goma sha biyar babur ya dawo daidai. Tun daga ranar ya zama yana da soso biyu.

## Nuwamba 2024 zuwa Afrilu 2025: hunturu na gaba

Da damina sau ɗaya a wata yake canjawa, ƙura ba ta da yawa. Gwajin gaske sai da hazo ya dawo, a lokacin kuma litar fetur ta kai wajen naira 1,000. Tsarinsa ya zama haka: duk Juma'a, washegarin kasuwa, ya cire wanda ke ciki, ya sa ɗayan da ya riga ya shafe da mai ya ajiye a leda, ya wanke mai dattin ya bar shi ya kwana yana bushewa. Aikin canjin bai kai minti biyar ba. Kowane karo yana zura yatsa a robar.

Soson da ya yi mako guda yakan fito fuskarsa ta waje ja wur, ta ciki kuwa da launinta. Wani abin da ya lura da shi da zafin Afrilu: baƙin mai na inji yana gangarowa ƙasa, bayan kamar kwana goma saman soson ya fara bushewa ko bai yi datti ba. Akwai mai na musamman da ake yi don soso, mai danƙo, wanda ba ya gangarowa haka, amma ni ban taɓa ajiye shi ba, ba mai tambaya. Da na inji ake yi, sai dai a yawaita dubawa.

Sakamakon zuwa ƙarshen Afrilu 2025: lita na kai shi kilomita 48 zuwa 50. Bai sake sayen man ciko ba. An duba bawul a Janairu da Afrilu, tazarar na nan inda aka bar ta. Yatsa na fitowa daga robar ba ƙura. Soso ɗaya aka jefar a watan Maris, da ya fara sakin ɓarɓashi idan an tsunkule shi, aka maye gurbinsa.

Duk wannan na soso ne. Babur ɗin da matacin iskarsa takarda ce mai ninki-ninki, ba a wanke ta, ba a sa mata mai. A kakkaɓe a hankali, idan ta cika a canja. Irin takardar da ke zuwa da maiƙonta daga kamfani kuwa ko hura mata iska ba a yi, canjawa kawai.

## Abin da lamarin ya nuna

Cuta biyu babur ɗin ya yi, ba ɗaya ba, halinsu kuma ya saɓa. Ta farko, toshewar soso, mai surutu ce: hayaƙi, shaƙewa, shan mai. Ta ci masa fetur na wata biyu da fulogi biyu da kuɗin wanke kafireta, amma ba ta taɓa ƙarfen injin ba. Tashin nan ba cok da ya yi murna da shi, alama ce ta cewa soson da kansa ya zama cok. Ta biyu, busasshen soso, shiru ta yi, har da tukuici ta ba shi na kilomita biyu a kan kowace lita. Ita ce ta cinye bulok a ƙasa da wata huɗu.

Yaron garejin shi ne kaɗai cikin mu uku (ni da mai wanke kafireta da shi) da ya gano ciwon farko, wannan a ba shi. Maganarsa ma rabinta gaskiya ce: mai ne ke sa soso ya toshe, domin man ne ke kama ƙurar. Ramukan soso sun fi ƙurar hazo girma nesa ba kusa ba. Aikinsu su karkatar da iska ta lunguna, ƙurar ta riƙa karo da bango mai danƙo tana maƙalewa. Idan babu mai, tsakuwa da ciyawa kawai zai tare. Murɗawa da fetur suka ƙara da tsagewa da ƙanƙancewa, iska kuwa inda ya fi sauƙi take bi.

Laifin ba na yaron kaɗai ba ne, yadda ya ga ana yi ya yi. Wanda ya wanke kafireta hannunsa na kan akwatin bai buɗe ba. Wanda ya saita bawul bai shafa robar ba. Ni kuma da na ga fulogi biyu cikin kwana goma sha takwas, daga baya na ga man ciko yana ƙaruwa a littafi, ban ce uffan ba.

A ganina, cikin abubuwan da aka yi, soso na biyun nan ne ya fi riƙe gyaran. Ɗan acaɓa ba zai ajiye babur wuni guda yana jiran soso ya bushe ba. In ɗaya gare shi, dole wata rana ya mayar da shi a jiƙe ko a bushe ba mai. Sai gwajin yatsa, wanda ba ya cin ko sisi.

Abin da bai dawo ba shi ne naman bulok ɗin. An faɗaɗa shi tun babur bai cika kilomita 30,000 ba, kuma dattijon ya gaya masa in aka sake buɗewa, mai yiwuwa sabon bulok za a nema. Awakin biyu ma bai mayar da su ba tukuna. Abin da na rubuta masa na ƙarshe a littafi shi ne baƙin mai lita ɗaya da kwalbar kalanzir, ya kuma biya ranar Juma'a.